Hannuwan Lesia

Duk garinmu babu wanda ya kai yayana Orest zagin haraji, kuma babu wanda ya kai shi rashin biya. Ni ƙanwarsa ce, Halya, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce ƙazafi nake yi masa.

Shekarata ashirin da shida ina aiki a masana'antar yankan kaji da ke bakin gari. Duk mako biyu takardar albashi take fitowa, kuma kafin in sa ido a kan kuɗina an riga an zare dala ɗaya cikin kowace huɗu. Ba zan yi ƙarya ba, abin yana yi mini ciwo. Akwai shekarar da na yi ƙarin awoyi wata uku cur don in sauya rufin gidana, da kuɗin suka fito sai na tarar rabin rufi kawai za su iya. Amma kuma da aka cire wa mahaifiyarmu ƙari a hanji, ta yi kwana talatin da ɗaya a gadon asibiti a birnin Winnipeg, abin da muka biya shi ne kuɗin ajiye mota. Tun daga nan in na ga an zare, sai in yi tsaki sau ɗaya in ninke takardar in sa a aljihu.

Shi kuwa Orest gidan abinci gare shi a kan babban titi, tebur tara, da allo a jikin ƙofa mai cewa tsabar kuɗi kawai ake karɓa. In ka miƙa masa katin banki sai ya dube shi kamar ka miƙa masa mataccen ɓera. Abin da yake gaya wa ofishin haraji wai yana samu a shekara, ko kyanwa ba zai ciyar ba. Amma je ka zauna a teburin bakin taga da safe ka sha wa'azi.

"Gumin mutum!" in ji shi, yana dukan tebur har cokula su yi tsalle. "Mu yi aiki su kwashe! Ni da kuke gani, rabin shekara gwamnati nake yi wa bauta."

"Orest, nawa suka kwashe maka bana?" in tambaye shi.

"Ke dai ci abincinki, Halya. Maganar manya ake yi."

Ga shi kuma babu mai cinikin asibitin garinmu kamarsa. Zai cika ciki da kubasa, naman nan mai tafarnuwa da ake ɗurawa a hanji, ƙirji ya ɗau zafi, shi ke nan sai ya dafe zuciya ya ce ajali ne ya zo. A hunturu ɗaya sau huɗu aka jona masa wayoyi a ƙirji, sau huɗun ana sallamarsa da maganin ƙwannafi. In aka bar shi ya yi awa biyu a kan benci sai ya miƙe ya ɗaga katin asibitinsa sama, yana cewa, "Ni na gina wurin nan! Da harajina!" Ma'aikatan jinya sun saba, sai su ce masa, "Sannu da ƙoƙari, mai gini, koma ka zauna."

To, ba don wa'azin Orest mutane suke cika teburan nan tara ba. Don perogin matarsa Lesia suke zuwa. Ƙullin fulawa ne za ta murza ya yi faɗi, ta yanka, ta cusa dankali da cuku, ta ninke ta matse bakin da babban yatsa da manuni. Matsa bakwai kowane ɗaya, ba shida ba, ba takwas ba. Shekara ashirin da uku tana wannan matsar a kicin ɗin baya, daga asuba har la'asar, kuma ba a taɓa jin perogin Lesia ya fashe a tukunya ba. Takardar albashi kuwa ko ɗaya ba ta taɓa gani da sunanta ba.

"Albashin me?" in ji Orest. "In na rubuta ta ma'aikaciya, gwamnati ta sa hannu a nata ta sa a nawa. Ai komai namu ne, ni da ita."

Namu ɗin a aljihun wandonsa yake kwana.

Wata ranar Lahadi muna shan shayi bayan coci, kofi ya suɓuce daga hannun Lesia ya tarwatse a ƙasa. Ta tsaya tana kallon hannun kamar na wata ne aka ba ta aro.

"Ban ji na sake shi ba fa," ta ce, tana 'yar dariya.

Ni ban yi dariya ba, don a wurin aikinmu mun san wannan ciwon kamar yunwar cikinmu. Jijiya ce ke matsewa a wuyan hannu, yatsu su riƙa mutuwa. Na sa ta gaba sai wurin likita. Aka aika ta gwaji, aka ce lallai sai an yi aiki, hannun dama tukuna don shi ya fi lalacewa. Aka sa sunanta a layi, aka ce ta jira waya. Ita kuwa ba ta da wayar hannu, don Orest ya ce ɓarnar kuɗi ce ga mutumin da kullum yana kicin. Sai ta ba da lambar gidan abincin, wadda ita ce kuma ta gidansu da ke saman bene.

Jira dai mun saba da shi a nan. Wata shida ya wuce, ban damu ba. Wata goma, na fara lissafi. Abokiyar aikina da aka rubuta bayan Lesia har an yi mata ta warke ta dawo bakin aiki. Ita kuwa Lesia kullum abin gaba yake yi. Maɓallin riga ya gagare ta, ta koma saka mai zif. Zif ɗin ma ya zo ya gagara, sai ta ɗaura masa igiya tana ja da haƙori. Da safe sai ta tsoma hannayen a ruwan zafi minti goma kafin su yarda su taɓa ƙulli. Ran nan na shiga kicin na ga tabon ƙuna a manuninta, jajawur. Ta ce ƙauri ta ji kafin ta san yatsanta ne a jikin tukunya.

Orest fa bai zauna haka ba, kada in zalunce shi. Ya saya mata safar hannu. Ya naɗa mata ganyen kabeji a wuyan hannu, wai haka kakarmu take yi. Ya shafa mata barasa, ya shanye ragowar. Sannan ya samu sabon babi a wa'azinsa na safe.

"Ku dubi matata!" yana nuna ƙofar kicin. "Shekara da rabi tana jira! Ina harajinmu yake zuwa? Ɓarayi!"

Masu cin abinci su girgiza kai su ce wallahi abin ya yi yawa. Lesia ma ta leƙo tana share hannu a ƙyallen da ta ɗaura a gaba ta ce, "Ni dai ina jin sun manta da ni ne." Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taya shi zagin gwamnati har da na kakanninta.

Ranar da asiri ya tonu, farkon watan Disamba ne, ina hutu, na shiga cin abincin rana. Ina zaune a kujerar da ke kusa da teburin karɓar kuɗi, bayana gare shi, hular sanyi har kunne, Orest bai lura da ni ba. Waya ta yi ƙara ya ɗauka.

"Eh, nan ne. Mijinta ne." Sai muryar ta yi ƙasa. "Ran Talata? Kai, a'a, ba za ta samu zuwa ba. Ai ta ma ji sauƙi sosai. Ku ba wani mabukaci, mu ba mu da gaggawa. Bayan sabuwar shekara dai. Yawwa, mun gode."

Na ajiye cokali. Na juyo a hankali.

"Orest, wa ke nan?"

Ya zabura. "Au, ke ce? Masu tallar inshora ne."

"Masu inshora ne suke kiran Lesia ran Talata?"

"To asibiti ne, sai me? Ke Halya, ki yi tunani mana. Kirsimeti saura mako uku. Dozin ɗari huɗu aka yi mana oda. In aka yanka hannun nan, mako shida ba za ta taɓa ƙulli ba. Wa zai matse? Ni?" Ya ɗaga yatsunsa masu kama da kubasar da yake sayarwa.

"Sau nawa suka kira?"

Ya fara goge teburin da babu ƙura a kansa.

"Na ce sau nawa?"

"Na watan Yuni dai kin san bikin 'yar gidan Sawchuk ne, mutum ɗari uku. Na Oktoba kuma cin abincin coci na lokacin kaka, ke ma kin ci, har kin yi ƙari. Laifina ne da ba su iya zaɓen rana ba? Kuma me ake ci na gaggawa? Abin nan kyauta ne. Ba gudu zai yi ba, ko yaushe muka je yana nan."

Ai kuwa sai na ji jinina ya hau kai. "Kyauta? Kyautar ubanwa? Ni nake biya! Ni da matan da muke tsaye cikin sanyi muna feɗe kaji tun ƙarfe shida! Sau uku ana shirya mata likita da ɗaki da kuɗinmu, kai kana mayarwa saboda dankali!"

"Rage murya, akwai mutane."

"Su ji mana! Ba su ne kake yi wa wa'azi ba?"

Sai na ga idon kowa ya koma bayana. Lesia ce tsaye a ƙofar kicin, fulawa har gwiwar hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Tun Yuni?" ta ce.

"Lesia, don mu na yi. Ni da ke."

"Da Yuni ina iya saka maɓalli fa, Orest."

Ta ce haka kawai, ta juya za ta koma kicin, don akwai tukunya a wuta. Na kamo ta. Na fizgi wayar, na nemo lambar da ta kira, na miƙa mata, ta riƙe da hannu biyu. Matar da ke rubuta ranaku ta ce ranar Talatar ta riga ta tafi, an ba wani yanzun nan. Ta ce kuma a rubuce yake an ƙi karɓa sau uku, saura kaɗan a mayar da takardarta wurin likitanta a sake layi daga farko.

"Ba ni na ƙi ba," in ji Lesia. "Ni ko sau ɗaya ba a tambaye ni ba."

Matar ta ce a ba ta wata lambar. Na karanto tawa da ƙarfi, ina kallon yayana ido cikin ido.

Kwana shida wayata ba ta rabu da ni ba, har banɗaki. A wurin aiki an hana shiga da waya, sai na cusa ta cikin takalmin roba. Ina cikin feɗe kaza na ji wayar tana rawa a ƙafata. Wani ya fasa zuwa, akwai gurbi ran sha shida ga wata, ƙarfe goma na safe. Na ce muna zuwa ko da rarrafe ne. Na ɗauki hutun kwana ɗaya wanda ba a biya, ban ko ji zafinsa ba.

Da safiyar ranar na faka a ƙofar gidan abincin, dusar ƙanƙara har gwiwa. Lesia ta sauko da 'yar jakarta. Sai ga Orest a guje, da silifas, da takardun oda a hannu, ya tsaya a gaban mota ya ware hannaye.

"Kwana tara kawai! Lesia, kwana tara! Bayan Kirsimeti ni da kaina zan kai ki, har in saya miki fure."

"Matsa, Orest," na ce.

"Mutane sun ba da kuɗinsu! Me zan gaya musu? Daren Kirsimeti ba perogi? Kina so a ce mu 'yan gidan Dubyk mun ci amana?"

Lesia ta buɗe ƙofa da gwiwar hannu ta shiga ta zauna. Da ya ga haka sai ya dafe ƙirji, ya karkace baki, ya jingina da motar. "Wayyo zuciyata. Halya, ga shi ya zo. Wannan karon da gaske ne."

Na sauke gilashi. "Asibiti na nan bayan gidan mai. Taka ka je, ai kai ka gina shi."

Na danna hon, ya yi tsalle gefe, silifa ɗaya ta maƙale a ƙanƙara. Muka yi tafiyar mil biyar, sai na ji kafaɗar Lesia tana girgiza. Na zaci kuka ne. Ashe dariya ce take yi har da hawaye.

"Kin ga tsallen nan?" ta ce. "Mai ciwon zuciya!"

Aikin nan da aka yi wata goma sha tara ana jira, minti ashirin ya ɗauka. Ban ma gama shan kofin shayin da na saya ba aka ce in shigo. Tana zaune, hannu a naɗe fari fat, tana cin biskit. Ba a karɓi ko sisi ba, katinta kawai suka duba. Likitan, wata mata ce siririya mai saurin magana, ta zo ta zauna kusa da ita, ta kama lafiyayyen gefen bandejin.

"Zafin zai tafi, za ki riƙa barci," ta ce. "Amma naman gindin babban yatsan nan ya riga ya shanye. Jijiyar ta daɗe a matse. Ba na jin ƙarfinsa zai dawo. Me ya sa kika ƙi zuwa da muka kira a watan Yuni?"

Lesia ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ce, "Biki aka yi."

Gidana na wuce da ita. A wurin aikinmu in aka yi wa mace irin wannan aikin, tana gida ana biyanta kuɗin jinya, don ana zare mata tun tana da lafiya. Na je ofishin gwamnati na tambayo wa Lesia. Aka duba aka ce a takarda matar nan ba ta taɓa yin aikin kwana ɗaya ba a rayuwarta. Haka muka zauna a kan albashina, wanda aka riga aka zare wa nasa kason, ina yanka mata nama a faranti, tana koya wa hannun hagu riƙe cokali, shi ma yana jiran nasa layin.

Kwana huɗu Orest bai kira ba. A na biyar sai ga shi da kansa, fuska washe, ya ce mu zo mu ga abin mamaki. Na ce ba inda za mu. Lesia ta ce mu je, tana so ta ɗauko rigunanta.

Muka shiga kicin. A daidai inda Lesia take tsayawa, ga wani inji nan na ƙarfe mai ƙyalli, girman firji a kwance. Ka zuba ƙulli ta nan, dankali ta can, perogi su riƙa faɗowa ta ƙasa a jere.

"Dozin ɗari a awa!" in ji Orest, yana shafa shi. "Waya ɗaya na buga, kwana uku ya iso daga Winnipeg. Kuma kun san abin daɗin? Kuɗinsa ana cirewa daga haraji!"

"Dama akwai irinsa?" Lesia ta tambaya.

"Ai an daɗe ana yinsa. Tsada ce ta hana ni, ke kuma ga ki."

Wata mata da ya ɗauko tana taya shi zuba ƙulli ta miƙa hannu za ta ƙara. Orest ya daka mata tsawa, ya duba agogo, ya kashe injin.

"Ke! Kina so ki kashe mini shi? Littafinsa ya ce duk awa biyu a bar shi ya huta minti ashirin, in ba haka ba wani abu ya lalace a ciki, kuma in ya lalace shi ke nan." Ya ɗauko tawul mai tsabta ya lulluɓe shi, har da gyara gefe.

Lesia ta daɗe tana kallon tawul ɗin. Ta dubi hannunta da ke rataye a wuya. Sannan ta jawo kujera da ƙafa ta zauna, a kicin ɗin da ban taɓa ganin ta zauna a cikinsa ba.

Orest ya ce, "Yawwa, tunda kin zo, da hagun ai za ki iya jera su a tire, ko?"

"Halya," ta ce, ba ta ko dube shi ba, "hau sama ki haɗo mini kayan. Duka, har na rani."